Mutum Ɗaya, Galan Biyu

"Ku gani, jama'a! Wallahi da kanta take buɗewa!"

Auta ta ja baya, ƙofar gilashin ta rufe. Ta matso, ta buɗe. Ta sake ja baya. Sai da mai gadin ya fara danne dariya sannan ta shige, wayarta a kan sandar ɗaukar hoto, bakinta har kunne. Sanyin na'ura ya daki fuskarta, ta saki wata 'yar ƙara.

"Wayyo daɗi! Ku zo ku sha sanyi kyauta, ba sai kun sayi komai ba!"

Shekara biyu ke nan tana da shafi mai suna Auta Ta Gani, inda take ɗora duk abin da idonta ya faɗa a kai a ɗan garin nasu: ramin bakin tasha, sabon fentin asibiti, akuyar da ta taɓa shiga banki. Mabiyanta, in za a faɗi gaskiya, rabinsu dangi ne, sauran kuma 'yan ajinsu na sakandare. To amma yau kamfanin nan mai rassa a manyan birane ya buɗe kanti a garinsu, kuma ita aka gayyata ta haska bikin kai tsaye. Ga kati rataye a wuyanta, an rubuta Baƙuwa ta Musamman. Tun safe take shafa shi.

Matsala ɗaya ce, Baba bai sani ba.

Baba mai tireda ne a bakin kasuwa tun kafin a haife ta, kuma shi ne shugaban ƙungiyar masu shaguna, shi ya sa kowa ke ce masa Ciyaman. Makon jiya ya tara 'yan ƙungiya, ya hau benci, ya rantse cewa duk ɗan kasuwar da ya taka kantin nan ya ci amanar 'yan uwansa, kuma shi da hannunsa zai soke sunansa. Aka yi ta tafi. Saboda haka yau da safe Auta ta ce wa Umma gidan ƙawa za ta. Ba ta damu sosai ba, don wayar Baba mai madannai ce, ko hoto ba ta buɗewa.

"Ku kalli sabulu! Layi guda sabulu ne kawai, kamar ƙazanta ta yi mana yawa a garin nan!"

Ta tura keken saka kaya da gudu, ta ɗora ƙafa ɗaya a bayansa, ya tafi da ita suuu har ta kusa rungumar tulin biskit. Ta sunsuni turare, ta yi atishawa. Ta buɗe firij ta rufe. Ta ga kanta a wani ƙaton talabijin, ta ɗaga wa kanta hannu. Can gefe jami'ar talla ta kantin, wata doguwa mai jan baki, tana ɗaga mata babban yatsa.

A kusurwar wayar, lambar masu kallo sai hawa take. Auta ba ta taɓa ganin irin wannan ba tunda ta buɗe shafi. Murna ta hana ta tsayawa wuri guda.

"Kai, kai, kai! Daga ina kuka fito haka? Sannunku da zuwa! Mai kitso, na gan ki! Anti, ki rufa min asiri a gida!"

Ta juya ta ba dogon layi baya don ya fito a hoton. "Nan kuma wajen man girki ne. Rabin kuɗi yau, amma mutum ɗaya galan biyu, ko kai waye. Kun ga layin? Har wajen takalma ya kai!"

Saƙonni suka fara zubowa, ba ta ma iya karantawa. Fuskokin dariya birjik. Ta tsinci ɗaya: Auta matsa gefe. Wani: mai baƙin gilashin nan fa? Wani kuma: na rantse shi ne.

"Ni ce dai, ni ce!" in ji ta tana gyara mayafi. "Kwalliyar ce ta ruɗa ku?"

Ba da ita suke ba. A bayanta, daf da mai karɓar kuɗi, wani dattijo ne tsaye da baƙin gilashi da takunkumi da rigar sanyi mai hula, a wannan uban zafin. Ya ɗaga galan ɗaya saitin fitila ya ƙura masa ido. Ya ƙwanƙwasa shi da bayan yatsa, ya kara a kunne, ya murza murfin ya ji ko an taɓa buɗewa. Duk wanda ya taɓa sayen mai a bakin kasuwa ya san mutum ɗaya ne ke yi wa galan wannan binciken.

Sannan ya sunkuya wajen yarinyar da ke kan na'ura, ya yi magana da muryar da yake zaton ƙasa-ƙasa ce.

"'Yata, tsakani da Allah, nawa za ki bari? Biyu fa na ɗauka."

"Baba, nan ba a ciniki."

"Haba, ba a ciniki kamar yaya? Kira min mai shagon."

Auta ta juya. Da ta yi shiru, da wataƙila a yi ta musu a gari har shekara. Amma bakin da ya saba faɗin duk abin da ido ya gani bai tsaya shawara da ita ba.

"Baba?!"

Dattijon ya waiwayo. Ya dube ta, ya dubi katin wuyanta, ya dubi wayar da ke kan sanda tana kallonsa. Ta nemi kashewa, sai ta ƙara matso da fuskarsa har ta cika allon. Da ƙyar ta samu ta katse. Kafin ta ɗago ya biya, ya kwashi galan ɗinsa ya yi waje.

Jami'ar talla ta iso da gudu, har tana tuntuɓe. "Ke! Kin san abin da kika yi mana? Shugaban 'yan kasuwa da kansa a layinmu! Kar ki taɓa bidiyon nan, a duk rassanmu za mu saka shi. Daga yau ke ce fuskar wannan reshe!"

Abin da Auta ta kwana biyu tana mafarki ke nan, kalma da kalma. Ta dubi wayar. Ta san wasu sun riga sun ɗauki hoto, gogewa ba za ta mayar da komai ba. Duk da haka ta danna, ta goge, a gaban matar. Ta cire katin ta miƙa mata.

A bayan motoci ta same shi, zaune a kan dakalin siminti, galan ɗaya a kowane gefe. Ya cire takunkumin, gumi na tsiyaya daga gemunsa. Wayarsa na ta ruri a aljihu, bai ko taɓa ta ba.

Ta durƙusa. "Baba, ka yafe ni."

"Gidan ƙawa ke nan?"

"Kai ma Umma ta ce gaisuwar rashin lafiya ka tafi."

Ya harare ta. Sai kafaɗunsa suka fara girgiza, ita ma ta fashe, suka yi ta dariya har hawaye, shi yana fifita da hular rigar sanyin. Wayar ta sake ruri. Dariyar ta tsaya.

"Mai kawo mana mai ya daina zuwa," in ji shi, yana kallon ƙasa. "Ya ce kantin nan ya saye man da ke motar gaba ɗaya. Yadda suke ba mutum a nan, ko a sari ban taɓa samu haka ba. Mace ta zo da kwalbarta in ce babu, ta dawo in ce babu. Rana ta uku ba za ta dawo ba, Auta, nan za ta zo. Kuma in ta zo don mai, har ashana a nan za ta saya."

Tausayinsa ya kama ta. "To 'yan ƙungiya fa?"

"Za su cire ni. Ni na kafa dokar."

Ya jawo galan ɗaya ya goge ƙurar jikinsa da hannun riga. Can ya ɗago, bai yarda sun haɗa ido ba.

"Ke ba ki karɓi naki biyun ba, ko?"

"Ban karɓa ba."

Ya laluba aljihu ya miƙo mata kuɗi a dunƙule. "Yi sauri kafin ya ƙare. Ki duba murfin da kyau."

Auta ta naɗe sandar, ta jefa wayar a jaka. Ƙofar gilashin ta buɗe mata, ta wuce sabulu, ta wuce biskit, ta je can wajen takalma ta tsaya a ƙarshen layi.