Bashin Labbo a Gaban Makara

"Akwai mai bin mamaci bashi?" Liman ya sake tambaya, karo na biyu.

Arzika ya ji idanun mutanen Danwarai sun taru a ƙeyarsa. Ga Labbo nan a kan makara, maƙwabcinsa na shekara arba'in, ya koma ɗan ƙanƙani cikin likkafani. Rabonsu da gaisawa tun ranar da kotu ta ba Labbo gaskiya a kan iyakar gonar albasa, ta kuma ɗora wa Arzika dubu ɗari da ashirin na ɗawainiyar shari'a. Ko da ciwo ya kwantar da Labbo, ta katanga Arzika ke jin tarinsa, ya kasa barci, ya kuma kasa shiga.

Amma shi ma yana bin Labbo dubu ɗari da hamsin, kuɗin taki tun suna shiri, ba takarda ba mai shaida. In ya yi shiru yanzu, bashin ya bi gawa, Nuraddeen ɗan marigayi kuma zai zo da masinjan kotu a ɗauke injin ban ruwansa. In ya yi magana, ya tsayar da jana'iza a cikin rana.

"Ina bin shi," ya ce.

Nuraddeen ya juyo, ya dafa aljihun da takardar kotu take. "Baba Arzika, yau? Kai da kotu ta ce ka biya mu? Ina shaidarka?"

"Shaidata ga ta nan kwance."

Sai murya ta fito daga cikin zaure, ta Zulai matar marigayi, ta dishe don kuka.

"Nuraddeen, bari. Ni na amshi kuɗɗin da hannuna. Daren Talata babanka ya ce a hidda kuɗɗin kotu cikin na takin, abin da ya rage a ba Arzika. Kunya ta hana shi aikawa."

Liman ya lissafa a yatsunsa. "Saura dubu talatin kan mamaci. Nuraddeen, ka yarda? Gobe ku tahi kotu a rubuta."

Nuraddeen ya sauke hannunsa daga aljihun. "Na yarda."

"Talatin ɗin na yafe," in ji Arzika, bai jira an tambaye shi ba. "Mu sallace shi, rana na dukan shi."

Da aka ɗaga makara, Arzika ne ya riga kowa sa kafaɗa ta wajen kai. Bai taɓa zaton Labbo zai yi rashin nauyi haka ba.

Washegari da hantsi ya tayar da injin a fadama. Albasar Labbo ta yi kwana tara ba ruwa, ganyenta duk ya kwanta. Arzika ya sa fartanya ya sare kunyar da ke kan iyakar, ya tsuguna yana kallon ruwan yana ratsawa, kwami bayan kwami.