Tsohuwa Mai Lema

Ɗalibai ne suka raɗa masa suna Malam Kashi-Ɗari, saboda da wuya ya gama magana bai ce kashi kaza cikin ɗari ba. Ko lafiyar iyali ka tambaye shi, sai ka ga kamar zai zaro maka jadawali. Sunan bai dame shi ba. Shekara da shekaru ya yi yana binciken talauci da siyasar tallafi. Ya san gwamnatin da ke buɗe hannu idan zaɓe ya matso, ya san wadda ke damƙewa da zarar an rantsar da ita, kuma duk da alƙaluma ya sani. Aikinsa shi ne ya tsara tambayoyi, ya tura ɗalibai unguwa-unguwa da na'ura a hannu, su dawo masa da amsoshin eh da a'a, ya zuba a kwamfuta ya tace. A sashen kimiyyar siyasa, in aka ambaci talauci ƙofar ofishinsa ake nunawa, kuma yana jin daɗin hakan fiye da yadda ya kamata.

Sai aka kawo masa abokiyar ofis. Tsohuwar ɗalibarsa ce da ta je ta yi digirin dakta ta dawo, aka rasa inda za a ajiye ta, aka cusa teburinta tsakanin kabad da bango. Shi yana da taga, ita tana da ƙarar fanka. Dakta Ƙarama ake ce mata. Ba ta da na'ura, ba ta da rundunar ɗalibai. 'Yar rikoda gare ta da takalmi mai ƙwari. Takan je ofishin rabon tallafi ta shiga layi tare da mata, ta sha rana da su, ta bi su gida ta zauna su yi ta zuba. Malam Kashi-Ɗari yakan ce wannan ai zaman gulma ne mai lasisi, ya yi dariya, ita ma ta taya shi.

Dariyar ta ƙare ranar da littafinta ya fito. Daga nan ƙofar ofishin ba ta sake hutawa ba. Sai a ƙwanƙwasa a ce, "Dakta na ciki?" ya ɗago kai yana gyara wuyan riga, sai mai tambayar ya wuce shi ya nufi lungun kabad. 'Yan jarida suka zo, baƙi daga manyan jami'o'i suka zo. Wani har aron kujerarsa ya yi don ya zauna kusa da ita. Shi kuwa littattafansa suna jere a kantar ofishin, ƙura ta yi musu hula.

Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne babi na huɗu. A cikinsa akwai wata mata da Dakta Ƙarama ta kira Tsohuwa Mai Lema, domin kullum da lemarta take zuwa layi. Tsohuwar ta ce tana da ɗa mai kula da ita, ba ta kwana da yunwa, amma ba za ta fasa bin layi ba. "Abin ɗana sai na yi godiya nake karɓa," in ji ta. "Na gwamnati kuwa da masifa nake karɓarsa, don nawa ne. Katin tallafin nan nawa ma na san halinsa, in zaɓe ya matso sai ya farka, in an gama ya koma barci." Maganar nan ta zagaye duniyar masana. An buɗe taruka da ita, ɗalibai sun haddace ta, har wani babban farfesa ya ce tsohuwar ta faɗi cikin numfashi ɗaya abin da masu lissafi suka kasa faɗa tsawon rayuwarsu. Malam Kashi-Ɗari ya tabbata da shi ake.

Hassada ce, ba sai an sakaya ba. Ita ce ke tashinsa da safe, ita ke raka shi aji. Ya sayi littafin a ɓoye, ya naɗe bangonsa da jarida, yana binsa da jan biro a teburin cin abinci.

"Karatu kake yi ko fiɗa?" matarsa ta tambaye shi wata safiya, tana ajiye masa shayi.

"Gyara nake yi."

"To Allah ya sa mai littafin ta roƙe ka. Shayinka dai na hucewa."

Ana cikin haka jami'a ta ce za ta buɗe cibiyar nazarin talauci da rashin daidaito, da gininta da motarta da kujerar darakta. Mutum biyu suka nema, kuma su biyun ofis ɗaya suke zama. Malam Kashi-Ɗari ya daɗe da zaɓar kalar labulen da zai sa a wannan ofishi tun ginin yana matakin tubali. Yanzu ga yarinyar da shi ya koya mata yadda ake rubuta gabatarwa tana neman shan gabansa. Kwamitin zaɓe ya ce kowannensu zai gabatar da aikinsa a bainar jama'a kafin a yanke hukunci.

Nasa ya wuce lami lafiya, wato an tafa kaɗan, wasu sun yi gyangyaɗi. Ranar nata kuwa ɗakin taro ya cika har tagogi. Da ta gama, shugaban tsangaya ya ba shi tambayar farko a matsayinsa na babba a fannin. Ya miƙe a hankali, ya cire tabarau, ya yabi ƙoƙarinta da irin yabon da kowa ya san akwai amma a bayansa.

"Tambayata ƙarama ce, Dakta," ya ce. "Tsohuwar nan mai lema, akwai ta kuwa?"



"Na yi wa dubban talakawa tambayoyi," ya ci gaba. "Ban taɓa cin karo da wadda ta bambance haƙƙi da kyauta tsaf haka ba, kamar ta zauna a ajinmu. Wannan nazariyya ce aka ɗaura wa zani aka ba ta lema. In kuwa akwai ta, a kawo mana ita, ko a kunna mana muryarta."

Ya san abin da yake yi sarai. A ƙa'idar aikinsu, wanda ya buɗe maka cikinsa ba ka bayyana sunansa, ba ka nuna gidansa, ba ka kunna muryarsa ga kowa, domin mai raba kati yana iya jin an soke shi ya soke katin. Shi da bakinsa ya koya mata wannan ƙa'ida. In ta kiyaye ta, ta zama mai ƙirƙira. In ta karya ta, ta zama maciya amana.

Dakta Ƙarama ta dube shi. Ba fushi ya gani a idonta ba, wani abu ne mai kama da tausayi, kuma hakan ya ƙara tunzura shi. Ta buɗe baki, ta sake rufewa.

"Akwai ta, Malam," ta ce. "Amma na yi mata alkawari."

"Alkawari ba hujja ba ne."

"Haka ne, Malam."

Ba ta ƙara komai ba, ta tattara takardunta. Kwamiti kuwa ba ya son hayaniya. Aka ce za a jingine takararta har a bincika, aka ba shi kujerar. Ya kwashe littattafansa zuwa sabon gini, ya bar mata tagar. Sai dai abin haushi, ko a kan kujerar mai juyawa, da sanyin na'ura yana dukan ƙeyarsa, shirun nan nata bai bar shi ya sake ba. Har ma shirun yake yi wa ƙyashi, yana tambayar kansa ina ta samo wannan nutsuwa.

Ranar hutun mako ya ce bari ya kai wa mahaifiyarsa albishir da kansa. Ta ƙi barin tsohuwar unguwarsu duk da ɗakin da ya gina mata a gidansa, ta ce can ba mai sallama sai mai gadi. Direba ne ke kai mata kayan abinci duk wata, shi kuwa ya fi zuwa ta waya. Ya ajiye mota a bakin titi saboda lungun ba ya shiguwa, ya tsallake kwata, ya bi ta gaban shagon mai gyaran rediyo ya shiga.

Ya same ta a tsakar gida tana tsefe wata tsohuwar rigar sanyi tana naɗe zaren. Ya durƙusa ya gaishe ta.

"A'a, yau manya ne a gidan? Direban ne ba lafiya?"

"Mama, albishir na kawo miki. An ba ni darakta."

"Madalla, Allah ya taya ka riƙo. Na me?"

"Na cibiyar nazarin talauci."

"To, talauci ya yi shugaba," ta ce, ta ci gaba da naɗinta.

Ya jawo wata 'yar kujerar katako da ke gefen tabarmarta zai zauna.

"Kai, ɗauki ta robar can. Wannan ta 'yata ce."

"Wace 'yar kuma, Mama? Ni kaɗai kika haifa."

"Yarinyar nan mai rikoda. A layi muka haɗu. Ta ga rana na dukanta, na ce shigo lemata. Tun daga nan ta maƙale mini."

Sai a lokacin idonsa ya kai bayan ƙofa. Lema ce a jingine, ta koɗe, amma ana iya karanta rubutun jikinta. Sunan wani taron masana ne da ya halarta shekarun baya, inda aka raba wa mahalarta lema da jaka. Shi ya aiko mata da ita cikin kayan direba. Ya zauna a kujerar roba ba tare da ya san ya zauna ba.

"Mama, layi kike bi? Layin tallafi? Me kika rasa?"

"Ban rasa komai ba, Allah ya yi maka albarka. Amma naka sai na gode. Na gwamnati kuwa da masifa nake karɓa."

"Don naki ne," ya ƙarasa mata.

"Au, ashe ka sani. To me ya sa kake tambaya?"

Ta ajiye zaren, fuskarta ta sake. Ta ce yarinyar takan zo ta yini, ta taya ta shanya, ta yanke mata farce. Ita kuma ta ba yarinyar labarin shekarar da babansa ya rasu, da yadda ta riƙa tsallake abincin rana don ya samu na makaranta, da ranar da wani ɗan siyasa ya karɓe katunan matan layinsu saboda akwatin zaɓensu bai yi masa daɗi ba, ita ta ja su suka zauna a ƙofar ofishinsa har ya mayar. Malam Kashi-Ɗari bai taɓa jin ko ɗaya daga ciki ba. Ya yi rubutu mai tsawo a kan ƙwace kati bayan zaɓe, da jadawali da komai, ashe a lungun nan aka yi, kuma uwarsa ce a gaba.

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Ka tambaya? Ɗalibanka sun taɓa zuwa da 'yar na'urarsu. Kina da firiji? Eh. Kina da rediyo? Eh. Suka ce ba na cikin waɗanda suke nema, ko ruwa ba su tsaya sun sha ba."

"Ita ta san ni ɗanki ne?"

"Ga hotonka can a bango da hular nan mai jela, makauniya ce? Ranar da ta gani har tsalle ta yi, ta ce ai malaminta ne. Ni na ce mata kada ta kuskura ka ji, don na san halinka, za ka ce na zubar maka da girma ka hana ni fita. Ta yi mini alkawari." Ta dube shi da kyau. "Ta kwana biyu ba ta leƙo ba. Ba halinta ba ne. Tunda wuri ɗaya kuke, lafiyarta ƙalau ko? Ko wani ya taɓa mini ita?"

Ya ce lafiyarta ƙalau, aiki ne ya yi mata yawa.

Ya tuna yadda ta buɗe baki a ɗakin taro ta sake rufewa. Kalma ɗaya ta isa ta kwance masa zani a gaban kowa, ta haɗiye ta, ta bar masa kujera. Ya kamata kunya ta kama shi, kuma ta kama shi. Amma abin da ya fi kunyar zafi shi ne 'yar kujerar katakon nan da aka hana shi, da yadda muryar Mama ke laushi in ta ce 'yata. Littafin ma yanzu bai dame shi ba.

Ya ciro waya. Lambar shugaban tsangaya tana nan a sama, kira ɗaya zai wanke Dakta Ƙarama tas, ya kuma tashe shi daga sabon ofis. Ya daɗe yana kallon lambar. Sai yatsansa ya zame ya wuce ta, ya nemo wurin naɗar murya ya danna, ya ajiye wayar a kan tabarma kusa da ƙafarta.

"Mama, ba ni labarin katin nan. Tun daga farko."

Ta kalli wayar, ta kalle shi, ta ɗauki zarenta.

"Ai na riga na ba yarinyar duka. Ta ce ta sa a littafi. Ka nema ka karanta mana, kai da karatu ba ya ba ka wuya."