Tuwon da Inna Ta Kai Lyon

A gidanmu ba a taɓa jin Inna ta kira sunan Mounkaila ba. Shi ne ɗan farinta, ita kuwa 'yar Damagaram ce ta asali, zaman ƙasar waje a Montreuil bai rage mata kunyar ɗan fari ko kaɗan ba. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan na Lyon". Ba ta dubansa ido da ido, ba ta tambayarsa lafiya. Abinci ne kawai maganar da ke tsakaninsu: ta zuba, ya cinye, ta ƙara. Sauran saƙo kuwa ta bakina yake bi, ni Hamdiya autarta, kuma aikin ya daɗe da isata.

Bayan rasuwar Baba, Inna ta ce za ta koma gida gaba ɗaya. Gwiwoyinta sun gaji da matakala da sanyi, mun kuma san in ta tafi da wuya ta sake hawa jirgi. Ta ce kafin nan za ta je Lyon ta ga yara. Mounkaila ko aure bai yi ba, balle yara, amma kowa ya gane.

Wuni ta yi a kicin. Tuwon shinkafa, miyar kuka da man shanu har yana iyo, dambun zogale, soyayyen naman rago. Washegari ni na yi ta jan kayan daga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, zuwa tashar jirgin Lyon ina mita, ita tana gaba tana tafiyarta kamar ba da ita nake ba.

Muna isa ɗakinsa a unguwar La Guillotière, ƙamshin miyar na bugunsa, na ga fuskarsa ta canza. Ya gaida Inna a durƙushe, ta amsa tana kallon labule, sannan ya ja ni kicin. Ashe ya daɗe yana fama da ciki, kumburi da ƙwannafi, an yi gwaje-gwaje a asibiti ba a ga wani abin tashin hankali ba. Wata mai maganin gargajiyar Indiya a unguwar ta ce masa wutar cikinsa ce ta yi rauni, kamar murhun da aka danne da ɗanyen itace. Ta ce ya bar cikin ya huta na ɗan lokaci: ruwan ɗumi da citta, shinkafa mai ruwa-ruwa da ɗan koren wake, ba mai, ba nama, kuma kada ya ci sai yunwa ta gaske ta kama shi. Ya ce bai taɓa jin sauƙi irin na kwanakin nan ba.

"Don Allah kar ki hwaɗa mata," in ji shi. "Da wane baki zan yi ma Inna zancen cikina? Kuma tahiya za ta yi, in ta ji ba ni lahiya hankalinta ba zai kwanta ba."

"To ka ci ko loma guda, Yaya."

"In na taɓa man shanun nan rejim ɗin, dokar abincin da aka sa mani, ya lalace. Ki ce na ci a wajen aiki."

Mutum da gemunsa, amma ƙaryar da zai yi sai an yi masa ita.

Inna ta shimfiɗa leda a ƙasa, ta zuba masa da hannunta, ta tsinto masa tsokar da ta fi laushi. Yana zaune dab da ita, ta dube ni ta ce, "Ki ce ma mutanen gidan abinci ya sauka."

Na faɗi ƙaryar da aka ba ni. Shi kuma ya ƙara da cewa, "Na ƙoshi, Inna." Tunda aka haife shi bai taɓa gaya mata haka ba.

Inna ta miƙe. Da ta je wanke hannu ta ga tukunyarsa a kan wuta, farar shinkafa tsararo tana ɓararraka, ta tsaya ta dube ta, ta dawo ta rufe kwanon. Ita ma ba ta ci ba. Da la'asar ta sa na kai wa maƙwabtansa abincin duka, muka kama hanyar tasha.

Jirgin ƙasa ya yi nisa cikin gonaki, sai Inna ta juyo gare ni.

"Hamdiya, miyar gishiri ta yi ne?"

Nan haƙurina ya ƙare. Tsohuwa ta wuni a tsaye, ga ta tana neman laifin a hannunta. Na kwashe komai na gaya mata, har da mai maganin da ruwan cittar.

Ta murza bakin mayafinta.

"Cikin nan ne dai," ta ce. "Tun yana goye haka yake. Da aka yaye shi kakarshi ta ɗauke shi. In ya kumbura sai in dama salala, tsararo da 'yar citta, in aika, in ce kar a hwaɗi daga inda ta hito. Wannan har sai an je wajen Ba'indiya? Da kun gaya mani da ban taɓa man shanu ba. Da na dama mashi da hannuna, ya sha ina gani."

Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Na ce mu sauka mu koma, ko in kira shi yanzu.

"A'a, ki bar shi. Tunda ya ɓoye, kar mu kunyata shi."

A makon ta tafi Damagaram, ba ta sake zuwa ba. Cikin Mounkaila ya lafa, ya koma cin tuwonsa a gidajen mutane. Har yau in zancen ya taso sai ya ce gara da muka yi haka, ko ba komai Inna ta tafi hankalinta kwance.