Rigar Sulke a Motar Gabas

"Sauko, Junaidu."

Yari direba ya zare makulli ya jingina da ƙofar motar. Fasinja sun cika tun ɗazu, dukansu dillalan shanu masu zuwa cin kasuwar ƙauye a gabashin Sakkwato. Hantsi bai gama ɗagawa ba, amma zafi ya riga ya sauka a tashar.

"Mi na yi?" in ji Junaidu daga kujerar gaba.

"Mi ke cikin rigarka?"

Junaidu ya gyara zama. Ƙirjinsa ya yi tudu a ƙarƙashin kaftani, gumi na bin bayansa. Rigar sulke ce irin ta sojoji, mai faranti biyu na ƙarfe, gaba da baya. A Sabon Gari ya samo ta, wurin wani mai gwanjo da ke fito da irin su daga ƙasan tebur. Bara a wannan hanyar 'yan bindiga suka buɗe wa mota wuta, harsashi ɗaya ya sami wansa Amiru a ƙirji. Tun lokacin mahaifinsu, Alhaji Tukur mahauci na Runjin Sambo, bai sake barin ɗansa ya bi ta ba. Yau dole ta sa. Ƙafafun tsohon sun kumbura, kuma babu sa ko ɗaya da ya rage na yanka.

"Kariya ce kawai," ya ce. "Ba ni da makami."

Wani dattijo a kujerar baya, Baba Mani, ya miƙo kai. "Ɗana, dube mu da kyau."

Junaidu ya waiwaya. Kowa cikin tsohuwar riga yake, wasu da faci, ƙafa da silifas. Baba Mani kansa, mai garke a bayan gari, hularsa ta koɗe har ba a gane launinta.

"Ka ɗauka ba mu da sutura? Mai bin hanyag ga ba shi son a gane shi. In sun tare mu sukan laluba kowa. Suka taɓa ƙarfe a jikinka, ɗan sa-kai ka zama, mu kuma masu ɓoye shi. Ba su tsayawa tambaya."

"Da Amiru na sanye da ita, Baba, da yana raye."

Wani ɗan kamasho da ke sauraro ya zuro hannu ta taga, ya ƙwanƙwasa ƙirjin Junaidu. Ƙarar ta fito sarai.

"Kai! Ƙarfe!" Ya ja da baya yana ɗaga murya. "Jama'a, kayan soja gare shi cikin riga!"

Kafin Junaidu ya buɗe baki, mutane sun fara kewaye motar. Masu lodi, masu kabu-kabu, mai rake da wuƙarsa a hannu.

"Soja ne?"

"Wane soja? Su ma na daji hakanga suke sakawa!"

"Infoma ne! Shi ka gaya masu motar da ta taso!"

Wani ya daki bayan motar da tafin hannu. Wani ya finciki ƙofa. Junaidu ya riƙe ta daga ciki da hannu biyu. Ta gilashi ya hango wani saurayi ya sunkuya yana ɗaukar rabin bulo. Rigar ta matse shi har numfashi na yi masa wuya.

Baba Mani ya fito da ƙyar, ya tsaya a bakin ƙofar ya buɗe hannuwa.

"Ku saurara! Wanga ɗan Tukur mahauci ne. Ƙanen Amiru, wanda munka yi wa sallah bara. Akwai wanda bai ci naman gidansu ba a nan?"

Hayaniyar ta ɗan lafa, amma saurayin bai yar da bulon ba.

"In gaskiya ne shi tuɓe mu gani!"

Dattijon ya sunkuyo, ya yi ƙasa da murya. "Fito a hankali. Kada ka sa hannu aljihu."

Junaidu ya fito. Ya cire kaftanin a gaban kowa. Maɗaurin gefe ya ƙi kwancewa, yatsunsa na zamewa saboda gumi, sai da Yari ya sa reza ya yanke shi. Rigar ta faɗi ƙasa tim. Ya tsaya daga shi sai wando da singileti jiƙaƙƙiya, ana juya aljihunsa. Ba a sami komai ba sai waya da carbi.

"Amiru ya fi shi hankali," wani ya faɗa. A hankali taron ya watse.

Yari ya ɗauki rigar ya farke ɗinkinta, ya zaro farantan biyu. Ƙyallen ya cusa a murhun mai shayi. Sannan ya buɗe ƙofarsa, ya soka faranti ɗaya tsakanin kujera da ƙofa, daidai haƙarƙarinsa. Ɗayan ya zagaya ya soka a gefen fasinja.

"Na zaci kun ce haɗari ne," in ji Junaidu.

"A jikinka ne haɗarin. Wa ke tambayar direba tsohon ƙarfe cikin mota?" Ya tayar da injin. "Za ka, ko ka koma ka gaya wa Alhaji?"

Junaidu ya dubi ƙofar tasha, inda kekuna masu ƙafa uku ke jiran masu komawa cikin gari. Ya mayar da kaftaninsa, ya shiga, ya ja ƙofa. Baba Mani ya fara addu'ar tafiya, sauran suka amsa. Da motar ta hau kwalta, iska ta shigo ta taga ta ratsa rigar har fatar ƙirjinsa.