Takalma a Ƙofar Ɗaki

Kwana goma sha tara na yi a Gusau, babu wanda ya ce mini "ya jiki?" in ban da likita, shi kuwa aikinsa ke nan. Ban ɗora wa kowa laifi ba, ni na ƙulla abata. Mutanen Tsafe, inda nake koyar da lissafi, na ce musu zan yi hutun damina a Bungudu wurin Inna. Inna kuma na ce mata ina Tsafe ina fama da takardun jarrabawa. Gusau na tsakiya, sai na maƙale a can, a wani ɗakin haya kusa da asibitin da aka yi mini aiki.

Aikin ƙirji ne. Ina shekara goma sha huɗu nono ya fito mini kamar na budurwa, ya ƙi komawa. 'Yan ajinmu suka laƙaba mini suna Nagge, wato saniya. Tun daga nan ban sake tuɓe riga a gaban mutum ba. Ko da bazara, kowa na neman singileti, ni ina cikin babbar riga ina zufa, ɗalibai suna cewa Malam Lawwali akwai son girma. Sai da na kai talatin da ɗaya na yi ta maza na je aka cire.

Likita ya ce bayan sati biyu zan iya komawa aji, amma kada in ɗaga hannu ya wuce kafaɗa, kada in ɗauki kaya mai nauyi, kuma ɗamarar da ta matse mini ƙirji sai ta yi sati shida.

Ciwon bai dame ni ba kamar yadda Haliru ya dame ni. Maƙwabcina ne a gidan hayar, ya faɗi a babur ya ƙuje gwiwa. Gwiwa fa kawai! Amma tun hantsi 'yan dubiya ke tururuwa, wannan da kwanon kunu, wancan da lemo da ayaba. Ina kwance rigingine ina jin "Allah ya ƙara sauƙi" ta bango. Idan na lallaɓa zan yi alwala sai in tsaya in ƙirga takalman da ke ƙofarsa. Ran nan har ƙafa goma sha ɗaya. A tawa ƙofar silifas ɗina ne kaɗai. Na ji haushinsa, na ji haushin kaina, kaɗaici kuma ya ishe ni.

Ran Alhamis na koma Tsafe, na rungume jaka a ƙirji saboda ramukan hanya. Litinin za a buɗe makaranta. A jakar akwai yadi ruwan sararin samaniya da na saya a kasuwar Gusau. So nake in shiga aji da kaftani daidai jikina, sau ɗaya dai a rayuwata, ba tare da kowa ya san dalili ba.

Labbo tela ke mini ɗinki shekara goma sha ɗaya. Dattijo ne marar yawan magana. Ranar da ya fara auna ni, ya auna kafaɗa da hannu da tsawo, da ya zo ƙirji sai ya mayar da tef ɗinsa wuya. Tun daga ranar bai sake auna ni ba. Kullum yakan ƙara wa rigata faɗi, ya sa mata shafi mai kauri ta gaba. Ban taɓa cewa ya yi ba, shi ma bai taɓa cewa ya yi ba.

Na tarar da mutum biyu a kan bencin shagonsa suna hirar taki. Ya karɓi yadin ya murza.

"Awa kullum, Malam? In bi tsohon awo?"

"A'a Baba, a auna ni."

Shagon a bakin kasuwa yake. Kalma ɗaya ta suɓuce masa, kafin la'asar Nagge ya riga ni shiga aji.

Labbo ya dube ni, ya zare tef. Ya auna kafaɗa, ya faɗi lambar da ƙarfi yadda ya saba. Na yunƙura zan ɗaga hannu, ya dafa gwiwar hannun nawa.

"Bar shi nan."

Ya juya wa mutanen benci baya, ya zura tef ta ƙarƙashin hamatata a hankali. Na san yatsunsa sun ji ɗamarar. Bai ja tef ɗin ba, bai kuma faɗi lambar ba, sai ya rubuta ta da alli a gefen yadin. Sannan ya yi ƙasa da murya.

"Malam, ya jiki?"

Na tanadi ƙarya ga shugaban makaranta, na tanada ga Inna, amma ban tanadi komai ga wannan tambayar ba.

"Da sauƙi, Baba."

"Allah shi ƙara. Wa yay yi jinyarka?"

"Ba kowa."

Ya daɗe yana naɗe yadin kafin ya ce, "Lahadi tana shirye. Ba ni sa mata shafi."

Washegari da hantsi ina kwance na ji sallama. Na lallaɓa na ɗaga labule. Labbo ne, riƙe da kwanon kunu, yana zare takalmansa. Ya ajiye su a ƙofar, kusa da silifas ɗina.