A Hannun Wa Ka Yi Karatu?

Shekara biyu Rumasa'u ta yi a gida, a Tambuwal, tana koyon rubuta manhaja a wayarta. Da abin ya fi ƙarfin waya, sai ta samo makarantu biyu masu horon wata shida ta intanet. Kawunta Mansur ya aiko mata da kwamfutarsa daga Kebbe. Saura izinin mahaifinta, Malam Attahiru, ga shi ran Alhamis za a rufe rajista.

Malam ya shekara talatin yana karantarwa a zaurensa, kuma bai taɓa ɗaukar karatu wurin wanda bai san malaminsa ba.

Ta nuna masa makaranta ta farko, mai hotuna masu ƙyalli da alkawarin aiki nan take.

"Kira min malamin," ya ce.

"Baba, ba haka ake yi ba. Fom ake cikewa."

"Kira shi dai, ɗiyata."

Wani mutum ya ɗauka. Bayan gaisuwa Malam ya ce, "A hannun wa ka yi karatu?"

"Ranka ya daɗe, ni talla nake yi. Darussan duk bidiyo ne."

"To in ta yi kure, wa zai gyara mata?"

"Akwai amsoshi a ƙarshe."

Malam ya miƙa mata wayar. "Wagga ba ta da malami."

Idonta ya ciko, don ita ce wadda take so. Ta kira ta biyun ba da son ranta ba. Mace ce ta ɗauka, Hafiza sunanta. Da ta ji tambayar sai ta ɗan yi dariya, ta ce a hannun Injiniya Abdulganiyyu ta koya, a Kaduna, wanda ya taɓa maido mata da aiki ɗaya sau goma sha ɗaya.

Malam ya ce, "Ke kuma ya kika yi da ɗalibanki?"

"Duk Asabar ina bin aikin kowa layi-layi, Baba."

"Shi nika son ji," in ji Malam. "Ga ta nan, amana."

Horon bai zo da sauƙi ba. Wata Asabar ta fito ranta a ɓace. "Baba, sau bakwai ke nan tana maido min da aikin nan!"

"Bakwai kaɗai? Ashe tana jin tausayinki."

Bayan ta gama, wani kamfani a Abuja ya gwada ta. Suka turo mata manhaja mai kurakurai, suka ce ta gyara suna kallo. Abin da ta yi wata shida tana yi ke nan. Suka ɗauke ta, tana aiki daga gida.

Ranar da ta gaya wa Malam, ya ɗauko tsohon littafinsa, ya buɗe shafin ƙarshe inda aka jera sunayen malaman gidan tun daga kakansa. Ya tsoma alƙalami a tawada.

"Hafiza ɗiyar wa?" ya ce. "Kira ta, in tambaya, in kuma yi mata godiya."