Hancin Motar Nyambong

Da likitan asibitin Bintulu ya ce babu sauran abin yi, tsoho Unggang ko gezau bai yi ba. Abu ɗaya ya roƙi 'ya'yansa: su kai shi gida da ransa. A dogon gidansu na kan turaku, inda dangi duka ke zaune ƙarƙashin rufi ɗaya, wanda ya cika a ciki shi ake shimfiɗewa a baranda, a ƙofar ɗakinsa, mata su kewaye shi da kuka. Wanda ya cika a waje kuwa, ko shugaban gidan ne, ba ya hawa tsani. Rumfa ake kafa masa a ƙasa.

"Wannan ai mai sauƙi ne, Baba," in ji ɗansa Nyambong. "Kafin yamma kana kan tabarmarka."

Nyambong na da akori-kura, kuma ba ya barin kunnen kowa ya huta da labarinta. Ya ɗaga ta sama har sai da dabara ake shiga, ya sa mata manyan tayoyi, ya jera fitilu a kanta kamar za a haska filin ƙwallo. Abin taƙamarsa kuwa shi ne baƙin bututun da ya taso daga gefenta ya miƙe har saman gilashi, irin wanda inji ke shaƙar iska ta cikinsa idan mota ta shiga ruwa.

Ranar da za a sa bututun, bakanike ya ce, "Sai na huda jikinta nan, in haɗa shi da inji."

"Ka huda me? Wannan sabon fentin? Manna shi kawai, wa zai leƙa?"

Aka manna. Da bikin girbi ya zo, giyar shinkafa ta hau masa kai, ya shaida wa baranda kaf cewa motarsa ko ruwa ya kai taga tafiya take. Tun daga ranar tsohon ke kiranta Mai Hanci.

Suka kama hanyar masu yankan katako, Empiang, yayar Nyambong, na baya riƙe da kan mahaifinsu a cinya. Ruwa ake yi tun safe. Da suka isa kogin ƙarshe, sai suka tarar gadar gungume ta tafi, ruwa ja jawur yana ta gudu.

"Mu koma kan tudu inda waya ke kamawa," in ji Empiang, "mu kira Kawu Jimbun ya zo da kwalekwale."

Har Nyambong ya kai hannu zai juya, sai tsohon ya buɗe ido.

"Kwalekwale kuma? Ga Mai Hanci? Kai ɗan nan, nuna wa yayarka."

Magana ɗaya ce ta rage Nyambong ya yi, ta zo har bakinsa, amma ya dubi fuskar ubansa a madubi, ya ga yadda ya yarda da shi, kunya ta danne ta. Ya ce a ransa ai motar na da tsawo, tsawon zai isa.

Bai isa ba. A tsakiyar kogi ruwa ya hau kan motar, inji ya yi tari, ya yi shiru. Nyambong ya murɗa makulli, ya sake murɗawa. Ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Goya tsohon ya yi, Empiang na tallafe da shi ta baya, suka haye da ƙyar. Sauran hanyar hawa ce, ga taɓo. Abin da ya fi ƙona masa rai shi ne rashin nauyin mutumin nan da a da yake saɓa buhun shinkafa da hannu ɗaya.

"Hancin ya toshe ne?" tsohon ya tambaya a kunnensa.

"Mura ce ta kama ta, Baba."

Tsohon ya yi 'yar dariya, ya kwantar da kai a kafaɗarsa.

Sun fara jin haushin karnukan gida ke nan Empiang ta ce a hankali, "Nyambong, sauke shi." Ya yi kamar bai ji ba. Ya ƙara sauri, yana zamewa yana tashi, hannuwan tsohon na lilo a ƙirjinsa, har gindin tsani. A nan Kawu Jimbun ya tare shi, ya taɓa wuyan ɗan'uwansa, ya girgiza kai.

"Don Allah, Kawu. Tsani ne kawai ya rage."

"Na gani, ɗana. Ba ni na ajiye dokar ba."

A sama, mata suka naɗe tabarmar da suka shimfiɗa tun safe. Aka kafa rumfa a ƙasa, ruwa na ɗiga ta ganyenta, Nyambong ya zauna a gefe ya yi kuka har muryarsa ta dushe.

Bayan an binne tsohon, ruwa ya janye, maza suka je jawo motar da igiya. Kawu Jimbun ya kama bututun don ya hau, sai ga shi ya ɓalle a hannunsa. Kowa ya tsaya yana kallon wurin da ya fita. Babu rami. Fentin na nan sumul, ko ƙwarzane babu.